Barin Windows ba tare da rasa tsohuwar manhaja ba: tambayoyin da ake yi mini a shago

Tun daga watan Oktoban 2025 ba na wuni ban ga mai shigowa shagona a nan Maradi da magana ɗaya ba: wai Windows 10 ta mutu, to yanzu ina mafita? Sana'ata gyaran kwamfuta ne da buga takardu, kuma yawancin injinan da ke ratsa hannuna tsofaffin HP da Dell ne 'yan gwanjo, waɗanda suka gama bautarsu a ofisoshin Turai kafin su iso mana. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na tattara tambayoyin wuri guda. Mafi yawansu a kan komawa Linux ne, don shi na fi sani. Mac ma ta samu ɗan gurbi can ƙasa.

Malam, da gaske ne Windows 10 ta daina aiki?

Ba ta daina ba. Kunna injinka, za ta tashi kamar jiya. Abin da ya faru ranar 14 ga Oktoba 2025 shi ne Microsoft ta daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro na kyauta da ta saba aikowa duk wata. Akwai wani tsarin ƙarin wa'adi da ake yi wa rajista, wanda ya kai mutanen gida zuwa 13 ga Oktoba 2026. Haka aka yi wa Windows XP a watan Afrilun 2014, aka yi wa Windows 7 a watan Janairun 2020, kuma har gobe akwai masu aiki da su a garin nan. Illar ita ce duk ƙofar da ɓarayin intanet suka gano bayan ranar, a buɗe za ta zauna. Injin da ba ya hawa intanet da sauƙi. Wanda ake shiga banki da shi ko ake buɗe saƙonnin mutane, wannan kam abin dubawa ne.

To me zai hana in hau Windows 11 kawai in huta?

In injinka ya yarda, hau. Ba ni da gaba da ita. Matsalar ita ce sharuɗɗanta: tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da RAM aƙalla giga 4, da wurin ajiya giga 64, sannan firosesan Intel ya kasance ƙarni na takwas ko sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Duba lambar da ke bayan i5 ko i7 ɗinka. In ka ga i5-3470, ƙarni na uku ne. i5-6500 na shida ne. i5-8250U shi ne na takwas. Ka je kasuwa ka duba na kan teburan masu sayarwa, za ka ga yawanci ba su kai ba.

Na san akwai dabarar tsallake sharuɗɗan, yaran gari sun iya ta. Tana ci, amma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan injin ba. Ni ba na ɗora wa mai sana'a abin da zai iya tsaya masa ranar da ya fi bukata.

Shi wannan Linux ɗin na wane ne, kuma wanne zan ɗauka?

Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, daga baya dubban mutane da kamfanoni suka sa hannu. Ba a sayen lasisi, ba a neman lambar sirri ta girkawa. Wayar Android da ke aljihunka ma a kan ginshiƙinsa aka gina ta. Iri-iri ne kamar shinkafa a kasuwa, amma ga mai fitowa daga Windows biyu nake ambata: Ubuntu, wanda ya fito a 2004, da Linux Mint, wanda wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya fara a 2006. Mint nake saka wa mutane, don fuskarsa ta yi kama da Windows 7, maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu inda hannu ya saba, kuma yana jin Faransanci tsaf. Mint 22 yana da gyaran tsaro har 2029. In injin ya tsufa sosai, a ɗauki samfurin Xfce, ya fi sauƙin nauyi.

Abin da na fi so game da shi: ana iya tayar da shi daga filashi a gwada, ba tare da an taɓa abin da ke cikin injin ba. Fayil ɗin ya kusa giga 3, saboda haka kada ka ƙone kuɗin datarka, nemi wanda ya riga ya sauke ya kwafa maka.

Daga ina ake farawa?

Daga takarda da biro, ba daga filashi ba. Zauna mako guda kana rubuta duk manhajar da ka buɗe. Za ka sha mamaki: yawancin mutane ba su wuce biyar ko shida. Burauza, Word, Excel, abin kallon bidiyo, abin buɗe PDF, sai wata guda ɗaya. Wannan guda ɗayar ita ce maganar gaba ɗaya. Ga mai kantin magani, manhajar kaya ce da ke faɗa masa abin da ya rage da ranar lalacewarsa. Ga mai lakkal, ta lissafin maki ce da fitar da sakamakon yara. Ga mai buga katin biki da allon talla, CorelDRAW ko Photoshop. Ga akanta, manhajar lissafi irin su Sage, waɗanda don Windows aka yi su. Sauran duk suna da madadi: Firefox, Chrome da VLC suna nan a Linux yadda ka san su. Ita guda ɗayar ce za ta yanke hukuncin ko za ka tashi, da ta wace hanya.

Kuma ba a tashi rana ɗaya. Jandarmomin Faransa, da suka mayar da dubban injinansu kan Ubuntu, ba da shi suka fara ba. Sun fara canza manhajar ofis a 2005, suka bi da burauza, sai a 2008 suka taɓa tsarin injin kansa, lokacin ma'aikata sun riga sun saba da kayan aikin. Kai ma girka LibreOffice, madadin Word da Excel na kyauta, a kan Windows ɗinka tun yanzu, ka yi wata guda da ita. In ba ku shirya ba, ka gane tun kafin ka rushe gida.

Wani yaro ne ya rubuta mini manhajar shago shekaru da suka wuce, yanzu ba a san inda yake ba. Za ta tashi a Linux?

Alhaji, irin taka na fi gani. An rubuta ta tun zamanin XP, mai ita ya koma Yamai ko ya tsallaka Kano, lambarsa ba ta shiga, faifan girkawa ya ɓace, kuma duk bashin da kake bin mutane yana cikinta.

Gwaji na farko shi ne Wine. Wani tafinta ne da ke zaune tsakanin manhajar Windows da Linux: manhajar ta nemi a buɗe mata taga ko a ajiye mata fayil da yaren Windows, shi kuma ya juya maganar zuwa yaren Linux nan take. Tun 1993 ake aikinsa, sai 2008 ya kai fitowa ta 1.0, ka ga ba ƙaramin aiki ba ne. Ba ya bukatar lasisin Windows, ba ya cin RAM da yawa. Abin dariyar shi ne tsohuwar manhaja ta fi sabuwa jin daɗinsa. Ƙananan manhajoji na zamanin XP sau da yawa suna tashi salin alin. Office 2007 da 2010 suna tafiya daidai gwargwado. Sabon Office da sabon Photoshop kuwa, kada ka sa rai.

Amma tashi daban, aiki daban. Na taɓa gwada wata manhajar kaya, ta buɗe, ta karɓi kaya, ta yi lissafi, har mun fara murna, da aka zo buga rasit sai takarda ta fito fara fat. Saboda haka gwaji sai an bi duk abin da kake yi a wata: shigar da kaya, fitarwa, buga rasit, rufe lissafin ƙarshen wata, ajiye kwafi, dawo da kwafin. In ɗaya ya ƙi, a bar Wine a koma tambaya ta gaba. Waɗanda aka gina da Access, manhajar adana bayanai ta Microsoft, su suka fi gardama, kuma Access ba ta da takwara ta gaskiya a Linux. LibreOffice Base ba za ta buɗe maka fom-fom da rahotannin da yaron ya tsara ba.

Mene ne wannan "kwamfuta cikin kwamfuta" da kake yawan faɗa?

Ita ce hanyar da na fi amincewa da ita. Ana girka wata manhaja kyauta mai suna VirtualBox, ita kuma ta ƙirƙiri injin ƙarya a cikin na gaskiya, da nasa rumbun ajiya da nasa RAM. A cikinsa sai a saka Windows XP ko 7 ta ainihi. Manhajarka ba ta san an yi ƙaura ba, gani take tana gidanta. Kai kuma kana ganin tsohuwar Windows a cikin taga guda, gefe ga Firefox kana duba saƙo.

Amfaninta uku ne a wurina. Na farko, ana cire wa injin ƙaryar intanet gaba ɗaya da danna wuri ɗaya, sai ya zama tsufan Windows ɗin bai dame ka ba, tunda ba ta leƙa waje. Fayil kuma ya riƙa wucewa ta jaka guda da aka raba tsakaninsu. Na biyu, ana ɗaukar hoton halin da injin yake ciki. Ranar da yaron shago ya taɓa abin da bai sani ba, minti biyu an koma yadda ake jiya. A nan a yi hattara: komawa hoton jiya yana tafiya da cinikin yau, in dai bayanan a cikin injin ƙaryar suke, don haka a fitar da kwafinsu tukuna. Na uku, duk injin ɗin fayil ne babba guda. Ka kwafe shi a rumbu na waje, in kwamfutar ta ƙone gobe ka sayi wata, ka ɗora, ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Ga wanda faifan girkawarsa ya ɓace, akwai ƙaramar manhajar Microsoft mai suna Disk2vhd da ke juya Windows ɗin da ke kan tsohon inji, da duk abin da ke cikinta, ta zama fayil ɗin da VirtualBox ke iya buɗewa. Ba kullum take tashi a bugun farko ba, wani lokaci sai an yi ta lallashi a saitin rumbu, amma ta ceci mutane da yawa a hannuna.

Kuɗinta RAM ne. XP tana wadatuwa da giga 1, Windows 7 tana son 2. Inji mai giga 4 zai ja da ƙyar, mai 8 ya fi kwanciyar hankali. Sannan a shiga BIOS a kunna VT-x, saitin da ke ba injin ƙarya damar tashi, don injinan gwanjo da yawa a kashe yake zuwa.

Lasisi fa?

Windows ɗin da ke cikin injin ƙarya tana bukatar lasisinta kamar kowace. Wanda ya zo manne da inji daga masana'anta na wannan injin ne, ba ya bin ka zuwa wani. Wasu manhajojin kuma suna ɗaure kansu da lambar rumbu ko ta katin sadarwa, da sun ga gida ya canza sai su nemi a sake kunna su. In mai manhajar yana raye kuma yana ɗaukar waya, kira shi kafin ka tashi. Masu ɗan makullin USB da ake sokawa kafin su buɗe, VirtualBox yana iya miƙa makullin ga Windows ta ciki, kuma galibi yana yi. A Wine kusan ba ya yi.

Ba za a iya ajiye Windows da Linux su biyun ba, in zaɓi wadda nake so in na kunna?

Ana yi. Ana raba rumbu gida biyu, kowa da ɗakinsa. Ya dace da mai aikin zane ko haɗa bidiyon biki, wanda ke son duk ƙarfin inji. Sai dai na lura da abu guda: wanda aka yi wa haka, bayan wata biyu a ɗaki ɗaya yake kwana, don ba mai son kashe inji ya sake kunnawa saboda rasit guda.

In za a yi, a kashe saurin tashi na Windows, wanda ake samu a saitin wuta, in ba haka ba Linux zai ƙi rubutu a ɓangarenta. In rumbun a kulle yake da BitLocker, a nemo dogon makullinsa a rubuta a takarda kafin a taɓa komai. Sai wani ƙaramin abu mai ban haushi: agogo. Linux yana ajiye agogon inji a kan lokacin duniya, Windows kuma a kan lokacin gari, mu kuwa a Nijar muna gaba da awa ɗaya. Sai ka dawo Windows ka tarar agogo ya ja baya da awa guda. Wani malami ya taɓa dawo mini da injinsa a kan haka, ya ce ya kusa makara azahar. Umarni layi ɗaya ne ke gyara shi.

Ina buga wa ɗaliban jami'a kundin kammala karatu. Takardun Word ba za su wargaje ba?

Hajiya, ke ce za ki fi kowa jin canjin. LibreOffice tana buɗe fayilolin Word da Excel, tana kuma ajiyewa a irinsu. Wasiƙa, takardar neman aiki, lissafin kuɗi, duk lafiya. Amma kundi mai shafi tamanin na ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da jadawali da teburori da lambobin shafi iri biyu, yana iya zamewa, shafi na 40 ya koma na 41. Yawanci laifin salon haruffa ne: Calibri da Times New Roman ba sa zuwa da Linux. A girka Carlito, wanda faɗin haruffansa daidai yake da Calibri, da Liberation da ke tsaya wa Arial da Times New Roman, rabin matsalar ta tafi. Sauran rabin kuma, ki ce wa ɗalibi ya kawo PDF in bugawa kawai yake so. Fayilolin Excel masu macro su ma sai an gwada ɗaya bayan ɗaya. In gyaran kundi shi ne abincinki, ki ajiye Word ta gaskiya a injin ƙarya, kada ki yi wasa da bakin kwastoma.

Haruffan Hausa masu lanƙwasa fa?

Linux yana da allon rubutun Hausa a cikinsa, da ɓ da ɗ da ƙ, sai dai a jerin QWERTY na Najeriya yake, mu kuma hannunmu ya saba da AZERTY. Ana saka biyun a riƙa juyawa. Inda ake kuka shi ne tsofaffin takardu da aka buga da wasu haruffa na dabara tun kafin Unicode ta yaɗu, inda aka ɗauki wata alama aka zana mata ƙ a kai. In babu wannan salon haruffan a sabon inji, sai ka ga alamomin banza a tsakiyar kalma. Kwafo fayil ɗin salon daga tsohon inji, yana aiki a Linux. In da hali kuma a bi takardun a musanya su da haruffan gaskiya sau ɗaya a huta.

Firinta da sikana za su yi?

Yawancin na HP da an soka suke kamawa. Epson masu tankin tawada suna da direbobin Linux. Canon LBP2900, wadda ta cika shagunan buga takardu, tana da nata direban mai suna CAPT, amma da hannu ake girka shi, kuma yana son haƙuri. Ƙa'idata ita ce a zo da firintar, a tayar da Linux daga filashi, a buga shafi, a yi sikan, ido ya gani. Na'urar yanka sitika, ta buga katin shaida, da akwatunan gyaran waya, waɗannan a bar su da Windows.

Ina da wata manhaja tun zamanin baƙin allo, ko Windows 10 ta ƙi ta.

Ta DOS ce ko mai bit 16, kuma Windows mai bit 64 ba ta tayar da irinsu sam. Wata manhaja mai suna DOSBox tana tayar da ta DOS, a Linux ko a Windows ɗin kanta.

An ce Linux ba ya kamuwa da cuta.

An ƙara gishiri. Gaskiyar ita ce ƙwayoyin da ke yawo a filashin garin nan, irin mai ɓoye fayiloli ta bar maka gajerun hanyoyi na ƙarya, don Windows aka yi su, a Linux ba sa motsi. Har ma da shi nake buɗe filashin mutane in fito musu da abin da aka ɓoye. Amma Wine tafinta ne marar zaɓe, yana iya tayar da mugun fayil kamar yadda yake tayar da nagari. Kuma wanda aka yaudara ya ba da lambar sirrinsa a shafin bogi, ba tsarin da zai cece shi.

Ɗana ya aiko mini da Mac daga waje. Labarin ɗaya ne?

Kusan, amma da tarko biyu. Tun macOS Catalina ta 2019 Apple ta daina tayar da manhajoji masu bit 32, ko da nata ne na da. Sannan daga ƙarshen 2020 ta koma firosesan kanta, M1 da 'yan bayansa. A kan waɗannan babu Boot Camp, wato hanyar Apple ta raba rumbu a saka Windows, kuma Windows ɗin da ake sakawa ta Parallels, manhajar injin ƙarya ta Mac, samfurin ARM ce ta Windows 11, ba XP ko 7 ba. Tana tayar da manhajoji da yawa, amma tsofaffin direbobi ba sa shiga. Ka ƙara da cewa in caja ko allo ya lalace, nemansa a Maradi aiki ne. Mac mai Intel ita ce ke karɓar VirtualBox da tsohuwar Windows yadda na bayyana a sama.

Mene ne ya fi lalata aiki ranar ƙaura?

Wuta, da kuma gaggawa irin tawa. Wata shekara da bazara, ana tsakiyar zafin nan da ake yawan ɗauke wuta, wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ta kawo injin tebur in raba mata rumbu. Na tambaye ta ko tana da kwafi, ta ce ɗanta ya yi. Ban duba ba. Aiki ya kai rabi, fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi. Da wuta ta dawo rumbun ba ya nuna komai, filashin ɗan kuma da muka buɗe hotunan suna ne a ciki. Kwana uku na yi ina tono da TestDisk da PhotoRec. Na samo mafi yawa, amma sunayen fayilolin duk sun tafi, sai da ta zauna kusa da ni tana buɗe su ɗaya-ɗaya tana cewa wannan na Dakoro ne, wannan na mutanen Jibiya ne. Littafin bashi na wata huɗu bai dawo ba.

Tun ranar, kwafi biyu nake yi da hannuna, in buɗe su a wani inji in tabbatar, kuma ba na raba rumbu sai inji yana kan batir. Mafi kyau ma, a cire tsohon rumbun ɗungurungum a sa sabon SSD a yi girki a kansa. Inji ya ƙara sauri, tsohon kuma a naɗe shi a leda, a rubuta kwanan wata a jiki, a sa a durowa. In sabon gida bai karɓe ka ba, sukurori huɗu ne ka koma.

Akwai wanda kake ce wa kada ya tashi?

Akwai. Mai CorelDRAW daga safe har dare: Inkscape, madadinta a Linux, tana da kyau, amma hannun da ya shekara goma a wuri ɗaya ba ya sake koyo ana tsakiyar kakar biki, kuma fayilolin da abokan sana'a ke turo masa na Corel ne. Akantan da ofishinsu ke da kwangilar kulawa da masu manhajarsu, shi ma ya tambaye su tukuna, kada a ce ya karya sharaɗi. Sai wanda injinsa ke haɗe da na'urar awo a ɗakin gwaji ko asibiti. Irin waɗannan nakan ce su bar tsohon injin yadda yake, su zare masa wayar intanet, su hana kowa soka masa filashin waje, su nemi wani ƙaramin inji na gwanjo a sa masa Mint don saƙo da banki. Wani mai kantin magani a unguwar Zariya haka muka yi masa: tsohon yana ƙarƙashin kanta yana fitar da rasit, an liƙe ramukan USB ɗinsa da salatif in ban da na firinta, sabon kuma yana sama kusa da ma'ajin kuɗi.